Mai Rungumar Bishiya Ido Buɗe

Tun da likita ya haɗa Gwaggo da masu zuwa kurmi neman sanyin zuciya, bayan rasuwar mijinta, ba ta taɓa ganin mutumin nan ba sai yau. Gajere ne kakkaura, rigarsa fes, amma yana warin man inji, kuma yatsu biyu na hannunsa na hagu guntaye ne.

Malamar da ke jagorantarsu ta ce kowa ya zaɓi bishiya, ya rufe ido, ya rungume ta. Yara suna ta ƙyalƙyala dariya, manya suna jin nauyi. Shi kuwa ko a jikinsa. Yana runguma yana duba inda hannuwansa suka tsaya, ya ƙwanƙwasa kututturen ya kasa kunne, ya ɗaga kai yana bin tsawonta da ido, leɓɓansa na motsi. Sai ya wuce ta gaba.

"Kun ga yadda ake yi!" in ji malamar, cike da murna.

Gwaggo dai ta bi shi da kallo. Haka mahauci ke shafa bayan bijimi a kasuwa. Ko wa ya turo shi?

Ga shi ya iso babbar bishiyar da take jingina da ita kullum, wadda a gindinta kaɗai take iya kuka. Ya rungume ta, hannuwansa ba su haɗu ba. Ya yi murmushi.

"Gwaggo, wannan taki ce?"

"Tawa ce, ɗana."

Ya zaro jan alli daga aljihu, irin wanda masu yankan katako ke yi wa bishiya alama da shi.

"To, yau ki rungume ta da kyau."