Mawada Mai Tantance Idanun Gilashi

Ni na fara ganinta, tun kowa a unguwar nan ta Gadarif bai san sunanta ba. Ni da yunwa ta gwada ta haƙura, kwalara ta gwada ta haƙura, ban taɓa zama a aji ba amma na iya kallon mutum. Ranar da Mawada ta sauko daga lorin Khartoum ita kaɗai, da kwamfuta naɗe a mayafi, na ce wannan ba a banza take ba. Na ba ta ɗaki.

Kullum da hantsi tana rakubata, rumfar karan da ke bayan rumbun riɗi, ta ƙura wa kwamfuta ido. Ba mai zuwa wajenta. Jummare mai shayi ta ce, "Ya Hajj, baƙuwarka fim take kallo ko miji take nema?"

Ni kuwa na tambaye ta. Ta ce a wata ƙasa ana gina tanki a ƙarƙashin dutse don kama wani ɗan mitsitsin abu, wai nutirino, mai ratsa ƙasa da jikinmu ba mu ji ba. Bangon tankin duk idanun gilashi ne. Kafin a manna ido sai a kulle shi a duhu a gwada: na kirki ya yi shiru, maƙaryaci ya ce ya ga haske. Sakamakon ake turo mata, ita ke cewa wannan ya shiga, wancan a mayar. Daga can ta zo hutu yaƙi ya rutsa da ita, fasfonta yana ofishin jakadancin da aka rufe. Masu tankin suka ce kujerarta tana nan muddin aiki yana isa.

Sai shabaka, wato layin waya, ta ɗauke, waya ta zama katako. Abdulhamidu direba shaida ne: bayan lorinsa ta hau cikin masu yankan riɗi har Fashaga a bakin iyaka, ta zauna kan tudu a rana tana kamo layin Habasha. A can saƙo ya iske ta: ta yi jinkiri, an ba wani kujerar. Ta dawo ta faɗa mini a tsaye, ta shige ɗaki.

Washegari na tarar da ita a rumfa tana aiki.

"'Yar nan, ba sun sallame ki ba?"

"Saura waɗanda na fara, Ya Hajj. In aka rufe tankin ba mai buɗewa. Maƙaryaci ɗaya ya shiga, shekaru zai yi yana ƙarya."

Ta gama, ta sake hawa lorin ta tura musu.

Ke ce, Mawada, mai tsare ƙofar da ba za ki taɓa shiga ba. Na gode, Allah ya saka miki. Ku samari masu barin gona rabi don mai gona ya ɗaure fuska, ku zo ku kalli mace.

Wanda ya ce tsoho ya ƙara gishiri, ga lorin Abdulhamidu nan. Ya hau har tudun, ya zauna a ranar nan zuwa azahar, sannan ya dawo ya ƙaryata ni.