Baba Jona da Hawan Rumaisa'u

Kafin masu ƙosai na unguwar Gwange su ɗora mai a wuta, Baba Jona ya riga ya share ƙofar makarantarmu, ya yayyafa ruwa, ya zauna a bencinsa yana amsa gaisuwar yara. Shekara goma ke nan yana gadi a nan, kuma a ƙarshen wannan zangon zai ajiye aiki, don gwiwoyi sun fara ƙi. Yaran yanzu da buɗe ƙofa kawai suka san shi. Ba su san cewa kafin rikici ya koro mutanensa daga duwatsun Gwoza, ya yi shekara ashirin yana hawa da ɗaliban Maiduguri zuwa tsohon ƙauyensu da ke can ƙoli ba.

Waɗanda suka je har yau suna ba da labari. Gonaki hawa-hawa, kowace an tokare ta da duwatsu ba laka ba siminti. Sa da ake kiwo a ɗakin dutse tun yana maraƙi, ba ya fitowa sai ranar biki. Ruwa mai sanyi daga tsagin dutse, da tuwon jar dawa da miyar yakuwa da wake.

Malama Dorothy, wadda ta kai 'yan aji shida wata shekara bayan damina, ita ta fi kowa riƙe labarin. A ajin akwai Rumaisa'u, 'yar unguwar Limanti, wadda shan-inna ya taɓa mata ƙafar hagu, tana dogara sanda. Da suka isa gindin dutse, Malama ta ɗaga kai ta dubi hanyar, sai tausayi ya sa ta ce yarinyar ta zauna a mota tare da direba, Ba'ana. Rumaisa'u ba ta yi musu ba. Ta saba.

Jona ya ƙirga yaran, ya ga talatin, alhali an ce masa talatin da ɗaya ne. Ya leƙa motar, ya dawo.

"Malama, ki yi haƙuri, a garinmu ba a barin baƙo a gindin dutse," in ji shi. Ya bayyana mata yadda suke hawa idan sun taso daga kasuwa: wanda ya fi kowa jinkiri shi ake sawa a gaba, kuma ba mai wuce shi, ko da ɗan sarkin dutse ne.

Ba'ana ya yi dariya. "Jona, da wannan tafiyar sai jibi ku isa. Ni dai ba zan kwana a gindin dutsenku ba."

"Kai mutumin yashi, ko suri ka hau sai ka yi haki," in ji Jona. "Zauna ka tsare motarka."

Haka Rumaisa'u ta shige gaba, yara talatin a bayanta. Hawan awa biyu ya ci huɗu. Samarin ajin suka yi ta gunaguni. Duk inda ta tsaya numfashi, sai ya nuna musu wani abu, kamar don shi aka tsaya: yadda ake kwantar da babban dutse a ƙasa a cusa ƙanana a tsakani, ko birai da ke leƙensu daga nesa. Bai goya ta ba. Inda matakin ya yi tsawo, sai ya durƙusa ya miƙa cinyarsa ta taka. A rabin hanya ta fashe da kuka, ta ce a bar ta a nan. Ya ce, "'Yata, kin ga tsamiyar can? Can kawai za ki kai ni." Da suka isa, ya nuna mata wata.

Sun shiga gari tuwo ya huce, sai da matan suka sake ɗumama shi. Lokaci bai kai su ga tsohuwar maƙerar garin ba, kuma Malama Dorothy ta sha faɗan iyaye saboda makara. Amma al'adar garin ita ce wanda ya fara shiga ƙofar dutse shi ake fara miƙa wa ƙwaryar ruwan gari. Ranar nan Rumaisa'u ce ta sha, sauran suna jira.

Shekaru kaɗan bayan haka mutanen ƙauyen suka watse, makarantarmu ba ta sake hawa ba. Rumaisa'u yanzu tana koyarwa a unguwar Bulabulin. Makon jiya da ta ji zai bar aiki, ta zo ta durƙusa a gabansa, ta ce da an bar ta a motar nan, da har abada ba ta ga garin ba. Sai ya tambaye ta ko ta tuna tsamiya nawa ya nuna mata. Ta ce bakwai. Ya ce tara ne.

Kai ne, Baba Jona, ɗan dutse mai tafiyar hankali, ka ba yarinya garinku tun yana da hayaƙi da mutane. Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya nuna maka ranar da za ka sake taka hanyar nan. Mu kuma malamai da iyaye, kafin mu tashi kowace tafiya, mu ƙirga yaranmu da kyau, mu duba wa muka bari a baya da sunan tausayi.