Zakin da Na Yi wa Kwalliyar Amarya

Ni mai hoto ne. Shagona yana bakin titi a Kura, tsakanin mai sayar da taki da mai gyaran injin ban-ruwa, kuma biki da suna da hoton fasfo su ne abincina. A sana'ar nan tamu ba a ba mutum fuskarsa yadda Allah ya yi ta. Amarya ta zo da ƙuraje, ka goge a kwamfuta. Ango ya zo rana ta ƙona shi a gonar shinkafa, ka haska shi har uwarsa ta yi ta duba ko ɗanta ne. Sannan ka cire katangar ƙasa da ke bayansu ka sa furanni. In ka miƙa, kowa ya ce, "Masha Allah, ya yi kyau." Ko kan mutum ka gutsure haka za a ce, don a wajenmu kushe aikin mutum a gaban idonsa rashin kara ne.

Mutum ɗaya ne bai san wannan karar ba, shi ne maigidana da ya koya mini riƙon kyamara, wanda nake kira Baba. Da ƙuruciyarsa a wani gandun daji ya yi aiki, yana bin baƙi masu zuwa kallon namun daji yana ɗaukar musu hoto. Da ƙarfi ya ja baya sai ya koma gonarsa ta tumatir a bakin kanal ɗin ban-ruwa, wajen Bunkure. A zaurensa akwai tsohon hoton zaki, baƙi da fari, wanda in ka shiga sai ka ji kamar ka yi masa sallama. Duk zamana da Baba bai taɓa cewa aikina ya yi ba. Kalmarsa guda ce: "Koma."

Wata rana babban ɗansa ya biyo ta shago ya ce mini likita ya ce hawan jinin ido ne ke damun Baba, ganin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma tafiya yake yi. Bayan ya fita na kasa aiki. Nan na ƙudura a raina: kafin idon nan ya rufe, sai na kai masa zakina, sai ya gani da idonsa ya ce ya yi.

Ni ba ni da halin zuwa gandun daji, amma akwai zaki a gidan zu a cikin birni. Na shiga mota na je. Na tarar da shi kwance kamar buhun da aka yar, ƙudaje sun yanyame masa hanci. Na ɗauka daga tsaye, na dawo shago na zauna masa. Na goge ƙudajen. Na goge wani dogon tabo da ya ratsa hancinsa. Na ƙara wa gezarsa ja, na cire ƙarafan keji, na dasa shi a tsakiyar koriyar shinkafa. Da na tura wa 'yan ƙungiyarmu ta masu hoto, waya ta yi ta ƙara: Masha Allah, Masha Allah. Kaina ya kumbura.

Na sami Baba a gona, ana ɗura tumatir a kwanduna. Ya kai hoton dab da idonsa na dama, ya daɗe.

"Wace ce amaryar?" ya ce.

"Baba, zaki ne fa."

"Zaki a cikin shinkafa? Tsuntsaye yake kora? Ina tabonsa? Babu zakin da zai kai wannan girman fuskarsa sumul. Ka shafa masa hoda, saura lalle. Kuma daga sama ka ɗauke shi, kamar akuyar da kake tayawa a kasuwa. Koma."

Masu ɗurin tumatir suka tuntsire da dariya. Wallahi raina ya ɓaci, har na ce a zuciyata wannan tsoho bai iya komai ba sai cin fuska. Na hau babur ban yi cikakkiyar sallama ba. Amma ban kai titi ba na san gaskiyarsa ce, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Na koma. Na mayar da gidan zu kamar gonata, duk ranar da babu biki ina can. Na koyi durƙusawa har gwiwata ta yi kanta, don idona ya zo daidai da nasa. Na gano in na manna kyamara a jikin ragar kejin, ragar tana ɓacewa a hoton da kanta ba sai na goge ba. Na gane da rana tsaka ɓata lokaci ne, sai la'asar yake ɗaga kai in ya jiyo ƙamshin nama. Duk wanda na wanko sai na kai Bunkure. Wannan idon ya mutu, babu haske a ciki, koma. Wannan hancin ya fito amma idon ya dushe, koma. Sau ɗaya na yi masa gardama na ce inuwar da yake kushewa ita ce kyan hoton. Ya sake dubawa ya ce, "Wannan ka fi ni gaskiya. Amma bakin a buɗe yake kamar mai hamma a wajen wa'azi. Koma." Ina lura, kowane zuwa sai ya ƙara matso da takardar kusa da fuskarsa.

Bayan an girbe shinkafar rani na samu hoton da nake nema. Zakin ya ɗago, ya dube ni ido cikin ido, rana ta faɗa a ƙwayar idonsa, tabon nan ya fito ɓaro-ɓaro, ga ƙuda ɗaya a gefen baki. Ban taɓa komai ba. Na wanke shi babba, na ɗaure a bayan babur.

A zaure na same shi, ƙarƙashin tsohon zakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na sa masa hoton a hannu. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya yi murmushi.

"Masha Allah," ya ce. "Ya yi kyau."

Shekara da shekaru ina jiran yabo daga bakin nan, ga shi ya zo, amma irin na kowa ne. Baba bai ga komai ba. Kara yake yi mini.

"Ban karɓa ba, Baba," na ce. "Wannan na 'yan biki ne. Ni ba shi na zo nema ba."

Ya sauke hoton a cinyarsa. Can ya ce, "To ya kake so in yi, ɗan nan? Duhu nake gani."

"Ni zan gaya maka abin da ke ciki, kai kuma ka yi aikinka."

Na matso kusa da shi na fara. Na ce ga ido, ga haske a ciki. Ya ce daga wane ɓangare ranar take, na ce daga hagu. Tabon fa? Yana nan. Ƙudaje? Akwai guda, ban goge ba. Ya gyaɗa kai, ya gyara zama, na ga fuskar da na sani tana dawowa.

"Kunnuwa fa? Duka biyun sun shigo?"

Na duba. Tsinin kunnen dama ya fita daga hoton, ɗan kaɗan, ko faɗin farce bai kai ba. Da na ce sun shigo, ba zai taɓa sani ba.

"Na dama ya ɗan gutsure, Baba."

"Ka yanke wa zaki kunne ka kawo mini?" Ya miƙo mini hoton da ƙarfi, har da tsaki. "Koma."

Na goge idona da hannun riga, na ce, "To, Baba. Ranar Asabar zan kawo wani."