Sunan da Ya Rage a Bakin Inna

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Yendi, kuma babu darasin da nake ji da kaina a kansa kamar na rabe-raben suna. Nakan ja layi a allo in kasa shi gida-gida. Ga suna na gama-gari, irin su akuya da kujera. Ga na yanka, wanda mutum ɗaya ko gari ɗaya ya mallaka, ana fara shi da babban baƙi. Ga na taron abubuwa kamar garke, ga na abin da hannu ba ya taɓawa kamar tsoro. Duk wanda ya rubuta sunan garinsu da ƙaramin baƙi kuwa, ranar sai ya gwammace bai zo makaranta ba. Ni dai a ganina na gama sanin suna ciki da waje.

Ina tsakiyar wannan darasin wata Talata ƙanwata da ke aure a Bawku ta kira ni a waya. Inna ta yanke jiki ta faɗi a kasuwar doya ta Salaga, hawan jini ya shanye mata ɓarin dama.

Sai na faɗi wace ce Inna kafin a gane girman abin. Dillaliyar doya ce, jikar fataken goro, kuma baki ne jarinta. Tana ciniki da Hausa, ta yi faɗa da Gonjanci, ta tsokani direbobin lori da Dagbanci, ta lallashi matan kudu da Tuwi. Ta san sunan kowa a kasuwar nan har da na kakarsa. Suna ɗaya ne tak ba ta taɓa faɗa ba, shi ne nawa. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Ina ƙarama "ke" nake. Da na tafi aiki na zama "ta Yendi". Ƙanwata kuwa ana rangaɗa mata nata tun daga ƙofar gida har bakin rijiya. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma wallahi ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ni da ƙanwata muka garzaya Salaga. Kwana huɗu a asibiti Inna ba ta ce uffan ba. A rana ta biyar wani matashin likita ya ɗaga kofi a gabanta ya ce, "Mama, mene ne wannan?" Ta dube shi, ta dubi kofin, bakinta ya karkace, sai ta faɗi sunana. Sarai, cikakke, babu gargada. Ya nuna mata cokali, ta sake faɗin sunana. Ya nuna taga, haka.

Na zauna a bakin gadon wata mara lafiya ban ko nemi izini ba. Shekara arba'in da ɗaya a duniya, ban taɓa sanin yadda sunan nan yake a muryarta ba. Ashe tana jan wasalin ƙarshe kaɗan, irin na tsofaffin Salaga. Ikon Allah! Harsuna huɗu sun kwashe kayansu sun bar kan matar nan, dubban sunaye sun tafi, sai wanda ta kulle shi kaɗai ya rage.

Likita ya yi mana bayani cewa hakan yana faruwa, kalma ɗaya ta maƙale ta tsaya a madadin komai. Ya ce idan muka koma gida mu riƙa nuna mata kaya kullum muna faɗin sunayensu, sauran za su iya dawowa. Abokan kasuwancinta kuwa da suka zo dubiya gida suka ji ta, sai salati. Wata dattijuwa ta kama haɓa ta ce, "Wannan ba ita ba ce, an shige ta ne. Mace mai kunya kamarta ta kama sunan 'yar fari?" Har suna shawarar a kira malami ya yi mata ruƙiyya. Na ce, "Hajiya, aljanin da ya rasa abin faɗa sai sunana, ku bar mini shi, ina son sa." Ƙanwata ta taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Na ɗauki hutu daga makaranta. Kowace safiya bayan koko sai in shimfiɗa tabarma a baranda, in jera kaya a tire: kofi, allura, albasa, carbi, makulli. Aikina ne ai, wa ya fi ni iya koyar da suna? In ɗaga albasa in ce albasa, ita kuma ta ce sunana. Ta san ba daidai ba ne, domin takan bugi cinya da hannun hagu, hawaye ya cika idonta.

Ga laifina, zan faɗe shi. Wasu ranakun nakan ɗaga kofin in yi shiru, in ƙi faɗin komai, don kawai ta kira ni. In ajiye in sake ɗagawa. Ina son Inna ta warke, Allah shaida ne. Amma na san ranar da kanta ya dawo daidai kunyarta ma za ta dawo, kuma ban shirya ba. Ƙanwata ce ta kama ni wata safiya, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Magani kike ba ta ko kanki kike yi wa hidima?" Na balbale ta da faɗa, na ce ita da aka yi ta kira tun tana zanin goyo me ta sani. Ta bar ni na gama. Daga ranar ban sake yi ba, don gaskiya ta faɗa.

Abin haushi, ba tirena ne ya buɗe bakin ba. Wata maƙwabciya ce ta kawo doya gaisuwa, ta dire ta ce ga doya 'yar puna mai kyau. Inna ta harari doyar, ta harari matar, ta yi ta kokawa da leɓenta, can sai ta ce, "Laribako." Wato ba puna ba ce, wani iri ne daban, kada a raina mata hankali. Muka yi ta dariya muna kuka, matar ta rasa inda za ta sa kanta.

Daga nan sunaye suka riƙa dawowa kamar awaki da yamma, ɗaya, biyu, sannan tururuwa. Ruwa, gishiri, zani. Sai garuruwa. Sai sunan ƙanwata. Kowane abu ya karɓi nasa, nawa yana ja da baya: ya bar kofi, ya bar taga, ya bar kaza. Har aka zo wasu kwanaki tara da babu abin da take kira da shi sai ni kaɗai. Ta kira ni in kawo ruwa, ta kira ni in gyara mata matashi. Nakan amsa tun kafin ta rufe baki. Ban taɓa jin daɗin aike irin na kwanakin nan ba.

A rana ta goma na shigo da kokonta. Ta ɗaga kai, leɓenta ya haɗu zai fara, sai ta tsaya. Ta sunkuyar da ido, ta ja mayafi. Ta ce, "Ke, ajiye a nan." Ƙanwata ta saki guɗa, ta fita tsakar gida tana shelar Inna ta warke. Na yi hamdala da gaske, kuma zuciyata ta yi nauyi da gaske.

Ranar da zan koma Yendi na durƙusa yi mata sallama, mu biyu ne kawai a ɗaki. Na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, duk sunayen duniya suka gudu, me ya sa wannan ya tsaya? Wanda ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta juya fuska wajen bango kamar ba da ni take ba. Maganarta har lokacin a hankali take fita, ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Wa ya ce miki ban taɓa faɗa ba? Sau biyar kullum, bayan kowace salla, tun ranar da aka raɗa shi. Kawai dai ba ke nake faɗa wa ba. Tashi, kada mota ta bar ki."