Baba Ishaya da Tsohuwar Rigar Ruwata

Da safen nan, ko koko ban gama sha ba, 'yarsa Talatu ta kira ni. Baba Ishaya mai tamfol ya rasu.

Tun ɗazu nake zaune wuri ɗaya. Wallahi na gaji da jin rasuwar mutanena.

A shekarun tamanin ni masinja ne a wani ofis a Barnawa. Kullum ina kan keke, fayil a ƙirji ƙarƙashin wata rigar ruwa mai kauri da na saya a gwanjo. Rannan tsabta ta motsa mini, na jiƙa ta a ruwan zafi da garin sabulu, na dirje. Ta fito fes, amma ta koma shan ruwa kamar tsumma.

Sau biyu ina kai takardu tawada ta narke. Oga ya ce in aka yi na uku, in ajiye keken in kama gabana. Ga matata da tsohon ciki, ga watan Agusta.

Baba Ishaya yana ɗinkin tamfol na manyan motoci a Trikania. Na kai masa rigar, ya jujjuya ta, ya kalle ni.

"Malam Sani, wa ya ce maka ana yi mata wanka? Ai maganin da ke hana ruwa shiga ka wanke."

Ya ture aikin direbobi gefe suna ta mita. Ya goga mata kakin zuma, ya dage a kafaɗu da bakin ɗinki, ya ɗora takardar siminti ya bi da dutsen guga har kakin ya shige. Sai ya karɓi butata ya yayyafa. Ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, ya gangare.

A ofis ɗin nan na yi ritaya.

Duk shekara kafin ruwan farko nakan kai masa ita. Da na koma ƙetaren kogi, sai ya zama gobe, jibi.

Bara na je da rigar a leda, don mu yi dariya. Na tarar idonsa ya tafi. Ya shafa kafaɗarta, ya shinshina.

"Ta bushe, Sani. Ka daɗe ba ka zo ba."

Ya sa Talatu ta nemo kaki, ba a samu ba. Ya ce in dawo kafin damina. Na ce to.

Sati uku ke nan da ruwan farko. Rigar tana cikin ledarta, kakin da na saya yana kan taga.

Allah ya ji ƙanka, Baba Ishaya, ya ba Talatu da ƙannenta haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya yafe alkawarin da ban cika ba.