Ƙarfin da Yaya Iro Ya Ce in Rage

Ni ne na yi kuskure, ba batir ba. Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Iro mai gyaran rediyo a Birnin Gwari, ɗan wan mahaifina, kuma duk tsawonsu batir nake ɗora wa laifi.

Lokacin da sabis ɗin waya ya ɗauke a ƙauyukanmu, shi ya raba mana oba-oba, wato rediyon kiran juna, ƙauye guda rediyo guda, daga gari har bakin daji wajen Dogon Dawa. Doka ɗaya ya kafa: kowa ya rage ƙarfin rediyonsa daidai yadda maƙwabcinsa zai ji shi, maƙwabcin ya miƙa gaba. Ya ce ƙarfi da yawa yana shanye batir, yana danne muryar wasu, yana kuma kai zancenmu kunnen mutanen daji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji shi.

Ni aka ba ta tsakiya, domin ƙauyenmu na kan tudu. Duk saƙon bakin daji ta hannuna yake bi. Amma sai na ga raini ne a ce maganata sai wani ya ɗauka ya kai. Na fi so a ji ni a gari da kaina. Na riƙa murɗa ta har ƙarshe. Ya sha ja mini kunne, har da zolaya:

"Sani, ba ladanci na ba ka ba. Wanda ke kusa da kai ya ji, ya isa."

Wata ranar kasuwa, kafin la'asar batirina ya mutu. Manoman bakin daji suka hango baburan mutanen daji sun nufi hanya, suka yi ta kira, babu mai miƙawa. Shi kuwa a gari da ya ji tudu ya yi shiru, sai ya ɗaura sabon batir a babur ya taho kawo mini. A hanyar nan ya gamu da su.

Yau sabis yana zuwa yana tafiya. Samari na hawa tudunmu suna ɗaga waya sama, kowa na neman dangin Kaduna, amma wanda ya ga wani abu a gona ba lallai ya gaya wa na gonar kusa ba. Da Yaya Iro zai gani, na san kai kawai zai girgiza. Mun gaji da binne mutane, mun gaji da ƙaura, har kiran juna ya zame mana aiki. Rediyo kaɗan ne suka rage, kuma masu riƙe su har yanzu dokarsa suke bi. Abin da ya bari ke nan.

Da na sani ƙeya ce. Bayan girbin bana na je wurin matarsa, Yaya Ladi, na same ta tana sussukar masara. Na durƙusa, na rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Yaya, batirin nan lafiyarsa lau. Ni na ƙure ƙarfin, bayan ya hana ni. Saboda ni ya hau hanyar nan. Ki yafe mini, don Allah."