Kwanon da Ban Mayar Ba

A bayan ɗakin girkina akwai wani wuri da katanga ta zube, ta tsaya iya ƙirjin mutum. Ruwan sama ne ya cinye ta tun kafin a kawo ni gidan, kuma ba wanda ya damu ya gyara. Ta nan na san maƙwabciyata.

Daga Zariya aka kawo ni Birnin Gwari, ban san kowa ba sai mutumin da aka ɗaura mana aure, shi kuma malamin firamare ne mai tsadar magana. In ya fita da safe, sai ni da kaji. Allah bai ba ni haihuwa da wuri ba, ballantana in samu na aike ko na yi wa tsawa. Rannan ina shara sai na ji murya ta gibin katangar nan tana cewa, wai Bazazzagiyar nan kurma ce ko girman kai ne? Na ɗaga kai na ga mace doguwa, ta girme ni nesa, tana miƙo mini kwano da sakwara a ciki. Daga wani ƙauye ta wajen Randagi aka auro ta, Hausarta tana da ɗan karkata, ni ma ta ce tawa tana da yanga. Tun ranar nake ce mata Yaya, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Bazazzagiya.

Haka muka ƙulla ciyayya. Kullum gab da magariba kwanonta zai ƙetaro, wata langa shuɗiya mai murfi wadda bakinta ya ɗan ɓantare, in juye in wanke, in zuba nawa in miƙa mata. Ita ta koya mini cin doya da man kaɗanya, ni na koya mata dambu, ko da yake har muka rabu nata bai daina caɓewa ba. Ciyayya kuwa tana da ƙa'ida, kwanon da ya shigo da abinci ba ya komawa wayam. Ko ƙuli-ƙuli ne sai ki sa. Wadda ta mayar da shi ba komai a ciki ta faɗi abin da baki ke jin nauyin faɗa, wato an yanke.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, garin ya rikice da zancen zaɓe. Aka ce kowace mazaɓa za ta tura mutum ɗaya majalisar jiha a Kaduna. Wasu samari da tsofaffin ɗaliban Malam suka dinga sintiri a zaurenmu har suka sa ya ajiye alli ya tsaya takara. Ba a yi nisa ba sai ga labari, wata jam'iyyar ta tsayar da mijin Yaya, dillalin katako mai gingimari, wanda suke sallah sahu ɗaya da Malam. Da na gaya mata ta katanga, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce su je su ƙarata, duk wanda ya ci a cikinsu, mu dai tuwo za mu tuƙa.

Tuwo kuwa na tuƙa shi. Jam'iyyar Malam ba ta aiko da komai ba sai hotuna, da lasifika mai shaƙewa, da romon baka. Sauran duk daga cikin gidan nan ya fito. Shanun huɗa suka fara tafiya, don a sayi babur. Sai awakina, waɗanda aka ce aro ne. Sai rumbu. Ga shi tsakiyar damina, lokacin da mai hankali ke auna hatsi da tafin hannu, mu kuwa kullum a sauko da dami a sussuka, domin zaure cike yake da masu cewa sai Malam. Ban taɓa ganin mutanen da son gaskiya ke sa wa yunwa irin waɗannan ba. A gidan Yaya kuma buhunan gishiri da sabulu da turamen atamfa ake saukewa, manya daga Kaduna ke aikowa, ana rabawa ƙauye-ƙauye.

Malam yakan ɗaura lasifika a bayan babur ya nufi ƙauyukan bakin dajin Kamuku, ya yi kwanaki. In rafi ya cika sai ya jira ya janye. Ya dawo da laka har gwiwa, murya ta dushe, gonarsa kuma ciyawa ta fi dawa tsawo. Gida cike da hayaniyar maza, amma ba mai ce mini sannu, sai dai a turo akushi a ce a ƙaro miya. Ɗan tsayuwar nan da nake yi a bakin katanga in magariba ta gabato, ita ce kaɗai hirata a yini.

Wata rana Malam yana gida, Yaya ta miƙo sakwara da miyar agushi, har da naman daji. Na ga ya rame, na ce bari in kai masa zaure ya ɗanɗana. Wani cikin masu cin tuwona ya gane kwanon. Nan take zaure ya ɗauka: abincin gidan abokin hamayya, ana saura kaɗan zaɓe? Ai barbaɗe ne. Wani ya rantse ya san malamin da aka kai wa aikin. Malam, mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara cewa sauro ke kawo zazzaɓi, ya shigo da kwanon a hannu ya ce in zubar a masai, kuma daga yau ba shiga ba fita.

Ban zubar ba. Na shiga ɗaki na zauna na cinye shi tas, ina ci ina hawaye don haushi, na ce in akwai abin da aka sa to ya kama ni. Abin da ya kama ni ƙoshi ne kawai.

Washegari samarin suka kwaɓa ƙasa suka toshe gibin, har suka ɗora ya fi sauran katangar tsawo. Aikin da ba su taɓa yi wa gonar Malam ba ke nan. Kwanon Yaya ya kwana a wurina. In mayar da shi da abinci, an hana. In mayar da shi wayam, gara a yanke mini hannu. Na wanke shi na kife a kan randa.

Daga nan kaɗaici ya zauna mini sosai. Ina jin dakanta ta bayan katanga, na san saukar taɓaryarta kamar yadda na san tarin Malam. Wani lokaci in na ji ta fara sai in ɗauko tawa taɓaryar, mu yi ta lugude, ita a can ni a nan, ba mai cewa uffan. In ta tsaya in tsaya. Magariba ta fi komai wuya. Hannuna yakan kai ga kwanon da kansa kafin in tuna.

Ranar zaɓe aka fito da mu mata, abin da ba a saba ba. A makarantar da Malam ya koyar aka kafa rumfa, layinmu daban na maza daban, kowace ta sha lulluɓi. Ina tsaye sai na ji ƙamshin man kaɗanya a bayana. Ban juya ba, domin idanu sun yi yawa, matan 'yan takara biyu a layi ɗaya.

"Bazazzagiya," ta ce a hankali, "kwanona yana nan?"

"Yana nan, Yaya."

"To, riƙe shi. Kada ki kuskura ki aiko mini da shi wayam."

"Ko da wasa."

Iyakar maganarmu ke nan. Na shiga na dangwala wa Malam, don duk haushinsa da nake ji mijina ne, kuma na san da gaske yake son a yi wa ƙauyukan nan gada.

Mijin Yaya ne ya ci. A rediyo muka ji, kafin a gama faɗa kalangu ya tashi a bayan katanga. Zaurenmu kuwa kamar an yi shara. Masu rantsuwa da barbaɗe na hango wasunsu ta ƙofa sun nufi gidan da ake barbaɗen, da hulunansu a karkace. Kaji suka koma kwana a kan tabarmin baƙi. Rumbu ya rage sai ƙaiƙayi, muka koma awo a kasuwa da kwaɗon rama. Na ce wa Malam tunda an gama, a buɗe katanga mana. Ya ce ba za a ce ya faɗi zaɓe ya koma lasar kwanon wanda ya kayar da shi ba. Ya ɗauki fartanya ya tafi ceton abin da ya saura a gona, ya bar ni da gidan da ba motsi sai na maƙwabta.

Haka muka kai kaka. Gidan Yaya kullum baƙi, kullum ƙugin mota, har na daina kula da shi. Gero ya nuna, ɗan abin da ciyawa ta bar mana, aka kawo damin farko.

Wata safiya Malam ya dawo daga masallaci, bai zauna karin kumallo ba. Ya ɗauki diga ya zagaya bayan ɗakin girki. Na bi shi na tarar yana fasa toshiyar nan, har gibin ya koma yadda yake da. Ya kaɗe rigarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Ki leƙa maƙwabciyarki." Ya saɓa fartanya ya fita.

Daɗi ya kusa kashe ni. Amma in leƙa da me? Wata nawa kwanon mutane yana hannuna, sa'an nan in tsaya a katanga hannu rabbana? Na ce yau Yaya za ta ci dambun sabon gero irin wanda ba ta taɓa iyawa ba. Na sussuka, na sheƙe, na surfa, na wanke, na ɓarza. Na tsinko zogale, na daka gyaɗa, na ɗora madambaci. Ɗan man shanun da nake ɓoyo tun kafin siyasa na kwashe shi duka. Ina aiki ina tsara tsiyar da zan yi mata, ina dariya ni kaɗai. Na ji gingimari ta tashi a ƙofar gidansu, na ji hayaniya da guɗa, na ce yau ma wasu baƙin ne.

Rana ta take tsaka kafin na gama. Na cika kwanon har murfin ya ƙi zama, na goge gefensa, na je bakin katanga na ce, "Yaya." Shiru. Na sake kira. Sai na leƙa. Igiyar shanya ba ko tsumma, turminta ba ya nan, ƙofar ɗakinta da kwaɗo. Wani tsoho da aka bari gadi ya taso daga inuwa ya ce ai sun tashi, an ba maigida gida a Kaduna, da hantsi mota ta ɗaga. Ya ce uwargida ta daɗe tsaye a tsakar gida kafin ta shiga mota, har sai da aka yi mata magana.

A masallaci Malam ya ji za su tafi. Da ya ƙara kalma uku a kan abin da ya faɗa, da na bar gero na ruga. Shi a ganinsa ya yi magana, tunda ya fasa katanga. Ni kuma a ganina ba a zuwa wurin Yaya da kwano wayam. Da yamma da ya dawo ya gan ni zaune da dambu a gaba, ya tsaya, sa'an nan ya wuce zaure. Ranar ba wanda ya ci abinci a gidan.

Na yi ta cewa in sun zo hutu zan ba ta. Mijin yakan zo, ita ba ta zo ba, kafin wa'adinsu ya cika aka aiko cewa ta rasu wurin haihuwa. Sau biyu muna ƙaura bayan nan, na rabar da kaya da yawa, na ba 'ya'yan da Allah ya ba ni daga baya kwanukan aurena duka. Wannan ɗin na hana. Ba nawa ba ne.